Ta ina iska take shiga mota alhali gilasai a rufe?

Sani, ajiye sifanar nan ka zo. Jiya muna tattara kaya ka tambaye ni, ka ce, "Oga, Corollar nan da aka kawo daga hanyar Dukku, mai ita ya rantse bai sauke gilashi ba tun daga can har Gombe, to ta ina ƙura ta cika masa dashbod? Ita kuma fanka, daga ina take ɗebo iskar da take hurowa?" Kiran magariba ya katse mu. Tambayar ta yi mini daɗi, don motoci da yawa da ake kawo mana ana cewa esi ya daina sanyi, a ƙara gas, gas ɗinsu lafiya lau yake. Hanyar iska ce ta toshe.

Ɗaga bonet. Dubi baƙar robar nan mai ramuka a gindin gilashin gaba, inda waifa suke kwanciya. Nan ce ƙofar shiga. Masu ƙera mota ba da ka suka zaɓi wurin ba. Idan mota tana gudu, iska tana bin bayan bonet ta zo ta daki gilashi, sai ta taru a gindinsa tana neman wurin kutsawa. Shi ya sa a kan hanyar Bauchi, ko fanka a kashe take, za ka ji iska tana ɗan fitowa daga dashbod. Kuma wurin yana sama, nesa da salansar motar da ke gabanka da ƙurar taya.

Ƙarƙashin robar akwai kwari kamar indararo, ruwan sama da na wanki yana zuba a ciki ya fita ta ramuka biyu a gefe, ta bayan tayoyin gaba. Bakin da iska take bi ya ɗan ɗaga sama don kada ruwa ya bi ta. Sa hannunka ka laluba. Ka ji abin da ka ciro? Busasshen ganyen maina ne da 'ya'yansa, sun haɗu da ƙura sun zama laka. Mai motar a inuwar maina yake ajiye ta. Idan aka bar wannan har watan Agusta, ramukan sun toshe, kwarin ya cika, ruwa ya malala cikin fanka, sai mutum ya zo yana cewa kafet ɗinsa a jiƙe, mota tana warin ruma. Dubi kuma doguwar robar da ke kwance a bakin bonet ta baya. Ita ke raba ɗakin inji da ƙofar iska. Masu gyaran bodi sukan cire ta lokacin fenti su manta ba su mayar ba, daga nan warin baƙin mai da hayaƙi ya riƙa shiga wa mutane kai tsaye. Duk motar da aka kawo da ƙorafin wari, wannan robar nake fara dubawa.

Yanzu zagayo kujerar mai zaman banza, ka sauke akwatin dashbod. Abu na farko da iska take tararwa a ciki wani murfi ne mai juyawa. Maɓallin nan mai hoton mota da kibiya a lanƙwashe a cikinta shi ke sarrafa shi. Idan ka danna, murfin ya rufe hanyar waje ya buɗe ta ciki, fanka ta koma zuƙar iskar da ke cikin mota tana maimaita ta. Ga yadda za ka gane yana aiki ba tare da ka kwance komai ba. Kunna fanka a lamba ta ƙarshe, ka ɗora 'yar takarda a kan ramukan gindin gilashi ta ɓangaren fasinja. Ka ga ta manne? Danna maɓallin. Ka ji ƙarar fanka ta ƙaru a cikin mota, takardar kuma ta saki. Idan ka danna sauti bai canja ba, to murfin ya maƙale ko ɗan motan da ke juya shi ya mutu.

Daga murfi sai filta. Zaro ta a hankali, kada ka girgiza, don abin da ke kanta zai zube cikin fanka. Fara ce aka saka ta, dubi yadda ta koma kalar jar ƙasa, ninkinta duk ya cike, ga ganye, ga gashin tsuntsu. Ɗaga ta saitin rana. Ko ɗigon haske ba ya wucewa, to iska ta ina za ta wuce? Littattafan mota yawanci suna cewa a canja ta tsakanin kilomita 15,000 zuwa 30,000, amma wanda ya rubuta bai ga hunturun Gombe ba, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da za ka wanke mota da safe kafin azahar a yi rubutu da yatsa a jikinta. Ni ina gaya wa mutanena su canja da zarar hazo ya ɗauke, kafin zafin Maris ya shigo. Hura ta da iskar mai faci yana ɗan taimakawa sau ɗaya, bayan nan takardar ta yage. Abin da ba na so ka taɓa yi shi ne ka cire ta ka yar, ka bar ramin fayau don mai mota ya ji iska ta yi ƙarfi ya yaba maka. Ƙurar da filta take tarewa za ta tafi inda hannu ba ya kaiwa. Ka kuma kula da kibiyar da ke gefenta wajen sakawa. A Toyota da Honda bayan akwatin nan take, a tsofaffin Golf 3 da 4 kuwa ƙarƙashin bonet za ka same ta, a cikin kwarin da na nuna maka. Tsohuwar Fijo 504 ba ta da ita sam.

Fanka tana ƙasan filta. Idan aka ce maka ba ta juyawa sai a lamba ta ƙarshe, kada ka sa a sayi sabuwa, rizista ce ta ƙone, wato ɗan abin da ke rage wa fanka wuta a ƙananan lambobi, don lambar ƙarshe ba ta bi ta cikinta.

Fanka tana tura iska cikin ibaforeta, wato ƙaramin lagireton da gas yake sanyayawa, yana can ƙuryar dashbod. Duk iskar da ta shigo sai ta ratsa ta tsakanin siraran haƙoransa, ko an kunna esi ko ba a kunna ba. Idan ya yi sanyi, danshin da ke cikin iska yana zama raɓa a jikinsa, kamar yadda kwalbar lemo mai sanyi take gumi, ruwan ya bi wani ɗan tiyo ya ɗiga ƙarƙashin mota. Ruwan da kake gani yana ɗiga idan mota ta tsaya ke nan, ba yoyo ba ne. To haɗa jiƙaƙƙen ƙarfe da ƙurar da babu filtar da za ta tare ta. Taɓo ke nan. Na taɓa kwance dashbod ɗin wata Camry tun safe har la'asar don na isa wurin, na tarar da fuskarsa kamar an yi mata yaɓe, sai da na jiƙa na bi da burushi. An ƙara wa motar gas sau uku a wasu wurare, alhali sanyin yana nan, iskar da za ta kwaso shi ce babu. Idan iska ta yi ƙaranci ma ƙanƙara takan kama jikinsa, sai direba ya ce da farko akwai sanyi, bayan tafiya ta yi nisa iska ta ɗauke.

Bayansa akwai hita, ruwan zafin inji ne ke zagawa a cikinta, da wani murfi da yake raba iska, kaza ta bi ta zafi, kaza ta wuce. Idan murfin bai rufe ruf ba, esi yana sanyayawa hita tana ɗumamawa. Sauran murafen kuma su ke aika iska fuska, ko ƙafa, ko gilashi.

Saura amsar ƙurar Corollar nan, kuma a baya take. Iskar da ta shiga dole ta fita, in ba haka ba fanka tana hura tulu ne mai toshe. Buɗe but, ka janye kafet ɗin gefe. Ka ga 'yar tagar nan mai filafilan roba, tana kallon bayan bamba? Ta nan iska take fita. Filafilan waje kawai suke buɗewa, su ne ma suke sa ƙofa ta rufu da sauƙi idan gilasai suna sama. Na wannan motar dubi, biyu sun yage, ɗaya babu shi. Bayan mota kuwa nan ƙura take murɗawa tana bin ta. Mai motar ya ce tun da ya hau hanya ya danna maɓallin iskar ciki don gudun ƙura, wato ya rufe gaba, babu iskar da ke turowa daga ciki, sai ƙurar ta samu baya a buɗe ta shigo abinta. Hayaƙin salansa ma ta nan yake bi, kuma gubar da ke cikinsa ba ta da wari, shi ya sa ba na wasa da wannan tagar.

Idan mai mota ya tambaye ka wanne zai danna, ga abin da nake faɗa. A hanyar ƙura, in filta mai kyau ce, ya bar iskar waje da fanka mai ƙarfi, iskar da ta cika mota ita ke hana ƙura kutsowa ta kafofi. In ya shiga bayan tirelar siminti daga Ashaka tana tuttulo baƙin hayaƙi, ko cunkoson babura a Jekadafari, ya koma ta ciki har ya wuce. Da rana tsaka a watan Afrilu, ya fara sauke gilasai zafin da ya taru ya fita, sannan ya rufe ya sa ta ciki, ta fi saurin sanyi. Amma direban da ya ɗauko mutum biyar zuwa Yola kada ya bar ta a haka tun daga tasha, numfashin mutane yana taruwa, kai ya yi nauyi, gyangyaɗi ya zo. Ya riƙa buɗe ta waje lokaci-lokaci. Da damina kuma idan gilashi ya yi hazo ta ciki, iskar waje da esi tare su ke share shi.

Je ka wurin masu kayan gyara ka karɓo filta da tagar baya, ka tafi da tsofaffin a hannu don a gwada girma. Kafin ka dawo zan kwance bamba, kai za ka saka su ina kallo.