Wanda ba ya caca, me zai yi a titin Strip na Las Vegas?

Malam, ka ce aiki zai kai ka Las Vegas, kana tambaya ko titin Strip na da abin kallo ga wanda ba ruwansa da caca da giya. Akwai, amma ka shirya kawar da kai, domin yawancin otal-otal ɗin an tsara su ne yadda sai ka ratsa ta zauren caca kafin ka kai ɗakinka.

Titin yana jihar Nevada ta Amurka, wadda ta halatta caca a 1931, tsawonsa kusan kilomita 7. A taswira kamar nan da can ne, amma ƙafa za ta gaya maka. A watan Yuli zafi kan wuce digiri 40, don haka bari sai rana ta faɗi.

Abin da na fi so kyauta ne, wato rawar ruwan da ake yi a tafkin gaban otal ɗin Bellagio. Ruwa na tashi sama yana bin kiɗa da fitilu, ka tsaya a bakin titi ka more ba ko sisi. Otal ɗin Paris na da hasumiyar Eiffel rabin tsayin ta Faransa, otal ɗin Venetian kuma har da kwale-kwale a cikin gini. Duk kwaikwayo ne, amma an kashe masa dukiya.

Ka lura da farashin ɗaki: otal-otal ɗin sukan ƙara wani kuɗi na kowane dare a kan kuɗin ɗakin. In ka samu rarar yini, je madatsar ruwa ta Hoover, tafiyar ƙasa da awa ɗaya a mota.