Masarar da ta yi fumfuna: amsoshin tambayoyin manoma

Wani manomi daga Saminaka ya ce: "Ruwan ƙarshen damina ya daki masarata tana shanye, wani sashe ya yi kore-kore. Idan na wanke, aka surfa, aka tuƙa tuwo, ai wuta ta kashe komai ko?"

Malam, wuta na kashe fumfunar, amma gubar da ta bari a cikin ƙwayar ba ta jin wuta. Sunanta aflatoksin, wata fumfuna da ake kira Aspergillus flavus ce ke yin ta, kuma ta fi son masara da gyaɗa. Tafasa da suya duk ba sa raba ta da abinci. Hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ta a sahun farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam daji, kuma hanta take kamawa. A hankali take ɓarnarta, shekara da shekaru, ana ci ba a sani ba. Idan mutum yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B, haɗarin yakan ninka sau da yawa, ga shi kuwa wannan ciwo ya yawaita a cikinmu. Idan ta yi yawa ƙwarai ma ba ta jira: a 2004 mutum 125 suka rasu a Kenya saboda gurɓatacciyar masara.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke yi a gidajenmu. Mai kyau a kai kasuwa, tsintar da aka ware a bar wa iyali. Don Allah a daina. Wadda ta yi kore ko baƙi ko ta ruɓe, a haƙa rami a binne ta.

Wata baiwar Allah mai ƙuli-ƙuli a Zariya ta tambaya ko za ta iya sayen gyaɗa mai rahusa, tunda matse ta za a yi.

Hajiya, rahusar nan tana da dalili. Gyaɗar da ta yamutse, ta fashe, ko take ɗaci a baki ita ce matattarar gubar, kuma mafi yawanta a tunkuza take zama, wato a ƙuli-ƙulin da yara ke ci. Ki baza ta a faifai ki tsince kafin suya. Kada kuma a zuba wa shanu ko kaji abin da aka tsince, domin saniyar da ta ci tana fitar da gubar a nononta.

Daga Soba aka ce: "To, mene ne rigakafin tun daga gona?"

Akwai Aflasafe, wanda cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa da ke Ibadan, wato IITA, ta samar. Ƙwayar dawa ce da aka lulluɓe da irin fumfunar da ba ta yin guba, sai ta mamaye gonar ta hana mai gubar wuri. Ana watsa kilo 10 a hekta ɗaya, mako 2 zuwa 3 kafin amfanin ya yi fure, lokacin da ƙasa ke da laima.

Amma ko an watsa, shanya ita ce babbar magana. A girbe da zarar ta nuna, kada a jibge ta a gona. A shanya kan tamfol ko daɓe, ba kan ƙasa ko gefen kwalta ba, a tattara kafin raɓar yamma. Danshin masara ya sauka ƙasa da kashi 13 cikin 100 kafin a ɗura ta a buhu. Wanda ba shi da na'urar awo ya zuba ƙwayar a busasshiyar kwalba tare da busasshen gishiri, ya girgiza. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, a mayar da ita rana. Buhunan kuma a ɗora su kan katako, nesa da bango, a kuma yi maganin ƙwari, don ta hujin da suka yi fumfuna ke shiga.

Duk manomin da bai san matsayinsa ba ya je asibiti a gwada shi ciwon hanta nau'in B, a kuma kai jarirai allurar rigakafinsa tun ranar haihuwa.