Amsa ga Hajiya mai ciwon baya a Jidda

Hajiya, sannu da jiki. Kin ce zuwa wajen mai gyaran ƙashin baya da atisayen da ya ɗora miki sun gundure ki. Ki daina yi ke kaɗai. Zafin Jidda ba ya barin mutum da rana, ki bari sai bayan Isha'i, ki ja maƙwabciyarki ku taka Kornish, wato hanyar bakin tekun Jidda, kuna hira, iskar teku na kaɗa ku. Miƙe-miƙen kuma ki yi su bayan Asuba, tun kina kan darduma. Idan dannawar mai gyaran na miki zafi, ki gaya masa ya sassauta, haƙƙinki ne. Amma in ƙafa ta fara mutuwa ko fitsari ya ƙi riƙuwa, maza asibiti. Allah ya ƙara sauƙi.