Tambayi Likita: Mu nemo wa Baba cefiderocol?

Tambaya: Likita, an yi wa mahaifinmu tiyatar ciki, aka sa masa injin numfashi. Yanzu an ce ya kamu da ciwon huhu a asibitin, wai ƙwayar Acinetobacter ce. Maganin kashe ƙwayoyin cuta na meropenem bai yi ba, aka koma wani mai suna colistin, ga shi ƙodarsa ta fara rauni. Yayanmu da ke Ingila ya ce akwai sabon magani, cefiderocol. Mu nemo shi?
Wata mai karatu, Kaduna

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne.

Maganin da yayanku ya faɗa gaskiya ne. Kamfanin Shionogi na Japan ne ya yi shi, Amurka ta amince da shi a 2019. Dabararsa tana burge ni: ƙwayar cuta ba ta rayuwa sai da sinadarin ƙarfe, shi kuwa maganin yana manne wa ƙarfen, ƙwayar ta jawo shi ciki da kanta, ya rusa bangonta. Shi ya sa yake kama ƙwayoyin cuta irin su Klebsiella da Pseudomonas da dama waɗanda suka gagari meropenem.

Sai dai a kan Acinetobacter ina taka-tsantsan. A wani gwaji da aka yi a kan majinyata mai suna CREDIBLE-CR, kashi 34 cikin ɗari na waɗanda suka karɓi cefiderocol sun rasu, a cikin waɗanda aka ba wasu magungunan kuma kashi 18, kuma bambancin ya fi fitowa a masu wannan ƙwayar. Majinyatan ba su da yawa, jikinsu kuma ya yi tsanani, amma ba zan kau da kai ba. Akwai wani magani da aka yi domin Acinetobacter kanta, sulbactam-durlobactam, wanda ya fito a 2023, ya kuma fi colistin sauƙi ga ƙoda. Dukansu biyu suna da tsada, samunsu a nan ba wasa ba. Yarjejeniyar da aka ƙulla a 2022 don kai cefiderocol ƙasashe 135 tana ba ni fata, amma Baba ba zai jira ta ba.

Don haka kada ku sayi komai tukuna. Gobe ki tsaya lokacin zagayen likitoci, ki roƙi a nuna miki takardar ɗakin gwaji, wadda ta lissafa magungunan da ke kashe ƙwayar Baba. Ki tambaya ko sulbactam mai yawa ko minocycline za su yi, ko an daidaita colistin da ƙarfin ƙodarsa, da kuma yaushe za a iya cire bututun numfashin. Duk mai taɓa shi, har ke, ya wanke hannu tukuna.