Kai babbar mota cikin Legas da bakin teku

Ɗan'uwa, ka ce za ku taso daga Birnin Kebbi da iyali a babbar motar nan mai gado da wurin girki, kana tambaya ko ka shiga da ita cikin Legas har bakin teku. Kada ka shiga. Ka nemi otal mai katanga da maigadi a Badagry, garin bakin teku da ke yamma da birnin Legas, ka ajiye ta, ku yi yawonku da motar haya. In kun kai Mile 2, akwai jirgin ƙasan Blue Line da ya fara aiki a 2023, shi zai sauke ku Marina, kusa da kasuwar Balogun.

Lungunan kasuwar Idumota da ke cikin Legas ko Keke Napep da ƙyar yake kutsawa, balle motarka. Ita kuwa Badagry ƙafa take so: ga ginin 1845 da ake kira benen farko a Najeriya, ga tsibirin Gberefu inda a da ake loda bayi zuwa ƙetare, kuma da kwale-kwale ake haye masa. Sharaɗi ɗaya, kada tayarka ta taɓa yashin bakin teku. Na ga wata bas ta nutse har gindin ƙofa, igiyar ruwa na matsowa, samari na ta haƙa da hannu. Yara kuma a riƙe su, tekun nan ba gulbin Argungu ba ne.