Me ya kashe kasuwar garin Cairo na jihar Illinois?

Malam, ka tambaya yadda garin da ke bakin manyan koguna biyu ya koma kufai. Gadoji ne suka fara karya shi.

Cairo hedikwatar gundumar Alexander ce a Amurka, daidai inda kogin Ohio ya haɗu da Misisifi. A da arzikinsa na fito ne: jirgin ƙasa ya sauke kaya, jirgin ruwa ya tsallakar da su, 'yan dako da masu masauki su samu abinci. A yaƙin basasar Amurka ma Janar Grant na sojojin Arewa ya kafa sansani a nan a 1861. Zuwa 1920 mutanen garin sun haura 15,000.

Gadar jirgin ƙasa ta 1889 ta rage aikin fito, sai gadojin mota na 1929 da 1937 suka ƙarasa shi. Matafiyi ya daina kwana, wucewa kawai yake yi. Babbar hanyar I-57 kuwa gefen garin ta bi a 1978.

Amma a ganina wariyar launin fata ta fi gada yin ɓarna. Bayan mutuwar wani soja baƙar fata yana tsare a hannun 'yan sanda a 1967, tarzoma ta ɓarke. Daga 1969 baƙaƙen fata suka ƙaurace wa shagunan Turawan da suka ƙi ɗaukarsu aiki, masu shaguna da dama kuma suka gwammace su rufe su bar garin. Haraji ya ragu, asibiti ya rufe. Ƙidayar 2020 mutum 1,733 ta samu.