Mutumin da ke jikin takardar fam 50

Ɗan'uwa, ka tambaya ko gaskiya ne mutumin da ke jikin takardar fam 50 ta Ingila ɗan jami'ar Kambirij ne, kuma kotu ta taɓa hukunta shi kan neman maza. Haka ne. Sunansa Alan Turing. Ya shiga kwalejin King's ta jami'ar a 1931, a 1935 ya zama ɗaya daga cikin malamanta. Lokacin yaƙin duniya na biyu yana cikin waɗanda suka warware saƙonnin sirrin Jamus na na'urar Enigma.

A 1952 aka gurfanar da shi a Knutsford, kusa da Manchesta. Aka ba shi zaɓi: ko kurkuku, ko allurar rage sha'awa. Ya ɗauki allurar, har jikinsa ya canza. Ya rasu a 1954 yana da shekara 41.

Dokar 1885 da aka kama shi da ita, ita ce ta ɗaure Oscar Wilde, marubuci kuma tsohon ɗalibin jami'ar Okusfod, shekara biyu a 1895. An sassauta ta a 1967. A ganina afuwar da Sarauniyar Ingila ta yi wa Turing a 2013 ta zo a makare ƙwarai, kusan shekara sittin bayan mutuwarsa. Hotonsa ya hau kuɗin a 2021.